Hamza Biyu, Bilal Biyu: Yadda Aka Ɗauki Fim ɗin Ar-Risala

Assalamu alaikum 'yan uwa na Makka da Jidda da Madina. Tun makon jiya wani guntun bidiyo ke yawo a WhatsApp, an jera hoton mai fitowa a matsayin Sayyidina Hamza a fim ɗin Ar-Risala, fuska biyu daban-daban. Har wajen mai shayi a Shara Mansur na tarar ana musu a kai. Wani ya ce ɗayan jabu ne. Wani Alhaji kuma ya rantse cewa fim ɗin na Turanci ne, muryar Larabci kawai aka ɗora masa, kamar yadda ake yi wa finafinan Indiya da Hausa.

To Alhaji, gafarta mini, ka dubi allon nan.

Na hagu Anthony Quinn ne, haifaffen Meziko. Na dama Abdullah Gaith, ɗan Masar. Ku lura da leɓɓansu. Fim ɗin da aka ɗora wa murya, baki na tafiya gabas, magana na tafiya yamma, duk mun san shi. Nan kuwa kowane harafi na Larabci daga bakin mai faɗarsa yake fitowa. Ku sake kallo, na rage gudunsa.

Dalili shi ne Mustafa Akkad, daraktan nan ɗan Halab ta Siriya, fim biyu ya ɗauka a lokaci guda, na Turanci da na Larabci. A nan ne mutane ke ruɗewa, don haka bari mu tsaya. An gina fili ɗaya, an kafa kyamara, an daidaita haske. Rukuni ɗaya na 'yan wasa ya shiga ya yi fitowarsa da harshensa. Da an gama su koma gefe, ɗaya rukunin ya shigo wuri guda, gidaje guda, yashi guda, ya maimaita fitowar da nasa harshen. Haka aka bi fim ɗin, fitowa bayan fitowa. Shi ya sa Hindu a na Turanci Irene Papas ce 'yar Girka, a na Larabci kuma Muna Wasif ta Siriya. Abu Sufyan, Michael Ansara a na Turanci, Hamdi Gaith a na Larabci, wanda yayan Abdullah Gaith ne. Ka ga wa da ƙane sun fito a matsayin abokan gaba a fagen Uhudu.

Ga kuma Bilal, wanda na san da yawanmu saboda shi muke zubar da hawaye. A na Larabci Ali Ahmad Salim ne, ɗan Libiya. A na Turanci kuwa Johnny Sekka, haifaffen Dakar, ɗan Afirka ta Yammanmu. Ni dai na Larabcin na fi so, domin maganar tana zama a bakin masu ita, kuma ya fi na Turancin tsawo da kusan rabin awa. Amma duk sanda na ga Sekka kwance da dutse a ƙirji, sai jikina ya yi sanyi.

Sauran a gurguje. Makkar da kuke gani ba a nan aka ɗauke ta ba, gina ta aka yi kusa da Marrakesh a Maroko, aka fara aiki a 1974. Da matsin lamba ya sa Maroko ta janye, Gaddafi ya buɗe musu ƙofar Libiya suka ƙarasa a can, fim ya fito a 1976. Ba a nuna Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba, ba a kuma ji muryar wani a madadinsa ba. Sahabbai kan fuskanci kyamara ne su yi magana. Sayyidina Ali ma takobinsa Zulfiƙar kaɗai ake gani.

Akkad ya rasu a 2005 sakamakon harin bam a wani otal a Amman, bai ga fim ɗinsa a majigin ƙasar nan ba. Ɗansa Malik ne ya gyara hotunan, aka haska shi a Saudiyya da ƙaramar sallar 2018, shekara 42 bayan fitowarsa.

Yanzu ga fitowar shigowar Hamza a kan doki, na Larabci da na Turanci a jere. Zan yi shiru ku kalla.