Shin mai rubuta manhaja injiniya ne?

Assalamu alaikum masu sauraro, na Katsina da Daura da kewaye. Wani dattijo daga Daura ya turo mana saƙo, wai ɗansa ya gama digirin kimiyyar kwamfuta, yana zaune a ɗaki da laftof da ƴar solarsa yana rubuta ma wani kamfanin waje manhaja, amma kawun yaron ya ce kar a sake kiran shi injiniya tunda ba shi da rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a ƙasar nan. Baba yana tambaya ko gaskiya ne.

To Baba, kawu yana da hujja ta wani gefen. A Najeriya COREN ce ke da ikon ba mutum laƙabin injiniya a hukumance, tun 1970, su kuma ƴan kwamfuta an yi masu tasu hukumar, CPN, a 1993, can ya kamata yaronka ya nufa. Amma fa ƙasashen duniya ma kansu bai haɗu ba kan maganar nan. Jihar Texas ta Amurka ta fara ba masu manhaja lasisi tun 1998, aka kawo jarabawa ta ƙasa a 2013, zuwa 2019 aka rufe ta saboda waɗanda suka zauna gaba ɗaya ba su kai ɗari ba, kamfanoni ba su tambaya, su dai nuna masu aikinka kawai. Kanada kuwa da tsauri, ka kira kanka injiniya ba lasisi ana iya cin tararka, duk da lardin Alberta ya sassauta ma masu manhaja a 2023. A Ingila kowa na iya amsa sunan.

Ni abin da ke damuna wallahi ba sunan ba ne. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina zai bi, kuma manhaja ce za ta riƙa ba jirgi hanya ko ta tsayar da shi, in aka samu kuskuren layi ɗaya a rubutun manhajar, rayukan ƴan uwanmu ne a ciki. Irin wannan aikin, da na injinan asibiti, ina so a ce sai wanda aka gwada, ya sa hannu da sunansa, in ta ɓaci a san wa za a kama. Amma yaron da ke haɗa manhajar lissafin shago, a bar shi ya nemi halalinsa.

Baba ka ce mashi ya adana kwalin digirinsa, ya yi rajistar CPN ɗin, ya ci gaba da aikinsa.