Gayyatar Summer Bridge ba rimidiyal ba ce

[Hoto: wasiƙar jami'a a fuskar waya, yatsa yana jan ta sama]

Assalamu alaikum jama'a. Duk lokacin da jami'o'in Amurka suka fara sakin sunayen waɗanda suka samu gurbi, akwai tambayar da ke zagayowa. Yaro ya samu injiniyanci, an yi guɗa, an raba alewa, sai ga wata wasiƙa ta biyo baya: ana gayyatarsa wani shiri na 'yan makonni kafin a buɗe makaranta, sunansa Summer Bridge. Gida ya yi tsit. Kawu ya ce ai rimidiyal aka tura shi, sakayawa kawai suka yi. Gwaggo ta ce ko dai sakamakon nasa bai cika ba?

Kawu, Allah ya huci zuciyarka, ba haka abin yake ba.

[Hoto: ƙofar jami'ar ABU Zariya, sai a yanka zuwa harabar wata jami'a a Amurka]

Mu share wannan da sauri. Rimidiyal da muka sani a gida, da IJMB ɗin da ABU Zariya ke kula da ita, hanyoyi ne na neman shiga. Ana yin su kafin a samu gurbi. Shi wannan shiri kuwa galibi ana yin sa ne bayan an riga an ba ka gurbi. Akwai jami'o'in da ke gindaya shi a matsayin sharaɗi, kuma idan haka ne za a rubuta ɓaro-ɓaro a wasiƙar. Amma manyan shirye-shiryen fannin kimiyya da injiniyanci, waɗanda zan yi magana a kansu, zaɓaɓɓu ake kira. Wasu ma sai ka yi takara kafin a ɗauke ka.

Tsarin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Tsakanin Yuni da Agusta, makonni huɗu zuwa takwas. Kana kwana a ɗakin ɗalibai, kana ɗaukar lissafi da kemistiri ko fiziks, ana zagayawa da ku ɗakunan gwaje-gwaje, ana haɗa ka da mai ba da shawara. Jami'ar MIT tana da nata tun 1969, ana kiransa Interphase. Sauran ku kalla a hoto.

[Hotuna a jere, da kiɗa: akwatuna a bakin ɗaki, katin ɗalibi, farar rigar ɗakin gwaji, layin abinci. Daƙiƙa takwas babu magana]

To me ya kawo buƙatar abin tun farko? A 2012 kwamitin masu ba shugaban Amurka shawara kan kimiyya ya fitar da rahoto: cikin ɗaliban da ke shiga jami'a da niyyar karanta kimiyya, fasaha, injiniyanci ko lissafi, ƙasa da kashi 40 cikin 100 ne ke fita da digirin fannin. Kuma zubewar tun shekarun farko take farawa, domin kwasa-kwasan a sarƙe suke. Ka faɗi kwas ɗin lissafi na kalkulas na zangon farko, ba za ka ɗauki na biyu ba. Babu na biyu, wasu kwasa-kwasan fiziks da injiniyanci sun rufe maka ƙofa. Kwas ɗaya ya ja maka shekara.

Yanzu ga inda nake so mu zauna, don nan ne kowa ke ɓata. Mutane sun ɗauka makonnin nan na bitar darussan sakandare ne, a cike maka giɓi. Ana ɗan yin hakan. Amma ba shi ne ƙashin bayan abin ba.

[Hoto: tsofaffin hotunan jami'ar Berkeley, marasa launi]

Tsakiyar shekarun 1970, jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Wani matashin malamin lissafi, Uri Treisman, ya lura ɗalibai baƙar fata suna faɗuwa kalkulas sosai, 'yan asalin Sin kuma suna cinyewa. Ya tambayi malamai ra'ayinsu. Aka ba shi amsoshin da ni da kai za mu bayar: talauci ne, makarantun da suka fito ba su da kyau, iyaye ba sa tallafawa, yaran ba su da himma. Maimakon ya yarda, sai ya zaɓi ɗalibai 20 daga kowane ɓangare ya bi su watanni, har ɗakunansu, yana kallon yadda suke karatu.

Abin da ya gani ya rushe amsoshin nan. Ɗaliban baƙar fata suna da himma, iyayensu na tsaye a kansu, da yawa su ne zakarun makarantunsu. Sai dai kusan dukkansu su kaɗai suke karatu. Mutum ya rufe ƙofa, ya yi aikinsa, ya miƙa. Abokai daban, karatu daban. Su kuwa 'yan Sin, kowa zai yi nasa shi kaɗai tukuna, da yamma su haɗu, su ci abinci, su baje takardu. Wannan ya duba na wancan, a yi musu, a gano inda aka kauce. A nan suke sanin ko tambaya ta yi wa kowa wuya ne, ko kai kaɗai ta buge.

Abin tausayin shi ne, halin da ya kai yaran nan Berkeley, wato kama kai da ƙin biye wa abokai, shi ne ya dawo yana kayar da su.

Bari in nuna muku yadda wannan yake a aikace, don kada ya zama labari kawai.

[Hoto: farin allo, hannu yana zana bango da tsani a jingine]

Ga tsani mai tsawon mita 5 a jingine da bango. Gindinsa ya fara zamewa, yana nisa da bango mita 1 a kowace daƙiƙa. Tambaya: lokacin da gindin ya kai mita 3 daga bango, da wane sauri kan tsanin ke saukowa?

Ku tsayar da bidiyon ku gwada. Na san ba za ku tsayar ba, amma dai na faɗa.

Ɗalibin da ke shi kaɗai a ɗaki zai ce ai tsani ɗaya ne, ƙasa ta ja mita 1, sama ma ta sauko mita 1. Hankali ya ɗauka. Ya rubuta, ya rufe littafi, ya kwanta da farin ciki. Ba zai san ya kauce ba sai an dawo da takarda da jan biro, wataƙila bayan mako biyu, lokacin an wuce babi biyu.

[Hoto: ɗalibai huɗu a gaban allo, ɗaya riƙe da alƙalami]

Yanzu sa shi cikin mutum huɗu. Ya faɗi amsarsa. Ta kusa da shi ta ce tsaya, gindi na mita 3, tsani 5, ke nan kai yana mita 4 a sama. Bayan daƙiƙa ɗaya gindi ya koma 4, kai ya koma 3. Ya ce kun gani, mita 1, na faɗa muku. Na uku ya ce to ƙara daƙiƙa ɗaya mana. Gindi ya kai 5, tsani ya kwanta, kai ya sauko daga 3 zuwa sifili. Mita 3 a daƙiƙa ɗaya. Ashe saurin ba tsayayye ba ne, ƙaruwa yake. Shiru. Sai a koma ƙa'idar Pythagoras, a bi ta da kalkulas, amsa ta fito: a daidai wannan lokacin, kashi uku cikin huɗu na mita a daƙiƙa.

Minti goma. Babu malamin da ya buɗe baki. Kuma wanda ya yi kuskuren shi ne ba zai taɓa mantawa ba.

[Hoto: takardar tambayoyi, kyamara tana matsowa]

Da Treisman ya kafa nasa shirin a ƙarshen shekarun 1970, ga dabarar da ta fi burge ni. Bai sauƙaƙa tambayoyin ba. Ƙara musu wuya ya yi, ya kuma gabatar da shirin a matsayin na haziƙai. Dalili biyu. Yaron da ya saba zuwa na ɗaya, ka ce masa zo ajin taimako, ba zai zo ba, ko ya zo jiki a sanyaye. Na biyu, tambaya mai sauƙi ba ta tilasta kowa neman ɗan'uwansa. Sai wadda ta fi ƙarfin mutum ɗaya ce ke sa a juya kujera. Ɗaliban da suka shiga suka riƙa cin kwas ɗin da maki mai kyau, jami'o'i da dama suka kwafi tsarin.

Wani zai ce ai mu ma muna da tutoriyal. Muna da shi, kuma Allah ya saka wa masu yi da alheri, sun ceci mutane da yawa daren jarrabawa. Amma a ra'ayina, idan gwani ɗaya ne a gaban allo, mutum sittin na kwafa, lakca ce ta biyu. Abin da ake nufi a nan mutum uku ko huɗu ne, kowa ya gwada kafin ya zo, kuma dole kowa ya yi bayani da bakinsa.

[Hoto: harabar jami'ar UMBC daga sama]

Wanda ya fi shahara cikin waɗannan shirye-shirye shi ne Meyerhoff, a jami'ar Maryland da ke gundumar Baltimore, UMBC. An kafa shi a 1988, haɗin gwiwar Freeman Hrabowski, masanin lissafi wanda daga baya ya shugabanci jami'ar shekara 30, da wani attajiri Robert Meyerhoff da matarsa Jane. Hrabowski ɗin nan, yana ɗan shekara 12 aka kulle shi a Birmingham a 1963, saboda ya shiga zanga-zangar yara ta neman 'yancin baƙar fata. Rukunin farko a 1989 maza ne baƙar fata su 19. Shekara ta gaba aka ɗauki mata, a 1996 aka buɗe wa kowane launin fata.

Nasu makonni shida ne, kuma dole ne. Jadawali a cike daga safe zuwa dare, an taƙaita waya, ana tafiya tare, ana karatu rukuni-rukuni. Waɗanda suka yi sukan kwatanta shi da horon soja. Ana koya maka ka zauna a gaban aji, ka miƙa hannu ka gabatar da kanka ga farfesa, ka je ofishinsa a lokutan da ya ware don ɗalibai.

Wannan na ƙarshe a ja masa layi. A can kowane malami yana da sa'o'in da yake zaune a ofis, ƙofa a buɗe, yana jiran tambaya. Yaron da aka tarbiyyantar kan cewa ba a damun babba zai wuce ƙofar nan shekara guda, yana ganin ladabi yake yi. Malamin kuwa yana ciki yana hamma.

[Hoto: Kizzmekia Corbett a ɗakin gwaji, sai Jerome Adams cikin kakinsa]

Wannan Kizzmekia Corbett ce, ta gama UMBC a 2008, tana cikin jagororin masanan da suka yi aikin rigakafin korona na kamfanin Moderna a NIH, cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka. Wannan kuma Jerome Adams, babban likitan gwamnatin Amurka daga 2017 zuwa 2021. Duka ta Meyerhoff suka bi.

Sunaye biyu ba hujja ba ce, kowace makaranta tana da taurarinta. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce kwatancen da masu bincike suka yi da ɗaliban da aka ba su gurbin shirin amma suka tafi wasu jami'o'i. Haziƙanci ɗaya, an zaɓe su da ma'auni ɗaya. Waɗanda suka shiga sun ninka waɗancan wajen sau biyar a zuwa digirin digirgir na kimiyya. Shi ya sa jami'ar Penn State da jami'ar North Carolina a Chapel Hill suka kwaikwaye shi.

Sai dai kada a ɗora wa makonni shida abin da ba su yi ba. Su kansu masu shirin abubuwa 13 suke lissafawa, na bazara ɗaya ne a ciki. Akwai tallafin kuɗi, da mai ba da shawara da ke bin makinka, da aikin bincike a lokutan hutu, har a gama. Jami'ar da ta yi maka makonni shida ta sake ka a watan Satumba, ta ba ka abokan karatu da sanin hanya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma kada ka sa ran sakamakon Meyerhoff.

[Hotuna sun ƙare. Mai magana a gaban kyamara]

Hotunana sun ƙare, sai ku yi haƙuri da fuskata. Idan wasiƙar nan ta zo gidanku, a nemi amsar abu uku daga jami'ar. Dole ne ko zaɓi? Wa zai biya kwana da abinci, domin wasu kyauta ne, wasu da kuɗi? Kuma kwasa-kwasan za su shiga lissafin digiri ko a'a? A kuma tambaya ko ɗan ƙasar waje ya cancanta, don wasu shirye-shiryen na 'yan ƙasa ne kawai.

Sai maganar biza, wadda ke ba mutane ciwon kai. Mai bizar ɗalibi ta F-1 ba ya shiga Amurka sai saura kwana 30 ko ƙasa da haka ga ranar farawa da ke rubuce a takardarsa ta I-20, wadda jami'a ke ba shi don neman biza. Idan takardar ta ce ƙarshen Agusta, shirin kuma a Yuni zai fara, lissafi bai haɗu ba. A rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje tun wuri su duba ranar, kafin Kawu ya biya kuɗin jirgi.