Ƙaramin Macijin da Ake Ɗauka Tana Ce

Jama'a, assalamu alaikum. Idan damina ta kankama a Kano, musamman cikin watan Agusta, sau da yawa uwargida kan ɗaga randa ko ta share gindin bishiya a tsakar gida, sai ta ga wani siririn abu mai ƙyalli yana mutsu-mutsu, ta rasa ko tana ce ko maciji.

Yawanci makahon maciji ne, wanda ƙananan nau'insa ba su cika wuce santimita 20 ba. Ku duba jikinsa da kyau: jikin tana gaɓa-gaɓa ne kuma da danshi, tana miƙewa tana tsukewa, shi kuwa busasshe ne sumul, yana da ƙananan ɓawo, yana kuma zaro ɗan harshe. Idanunsa ɗigo biyu ne a ƙarƙashin ɓawon kai, haske da duhu kaɗai suke rarrabewa. Kansa da jelarsa sun yi kama ƙwarai, abin da ya sa wasu ke cewa kai biyu gare shi, alhali kai ɗaya ne; akwai ɗan tsini a jelar, amma ba ya cutarwa. Ba shi da dafi, kuma ƙwan tururuwa da gara yake ci, don haka ni dai ina jin takaici idan na ga yara sun rufe shi da jifa.

Sai dai akwai inda nake roƙon ku natsu. Akwai wani baƙin maciji mai ƙyalli, shi ma mai shiga ƙasa, wanda masana ke kira Atractaspis, kuma yana da dafi. Ya fi kauri, yakan kai santimita 30 zuwa sama, ɓawon cikinsa faffaɗa ne, saɓanin na makaho wanda cikinsa da bayansa duk ɗaya ne. Yana fito da haƙori ta gefen baki ya soki mutum ba tare da ya buɗe bakin ba, saboda haka ko ta wuya aka riƙe shi sai ya sami yatsa.

Tunda da dare bambancin yana da wuyar gani, kada a sa hannu ko kaɗan. A tura shi cikin bokiti da doguwar tsintsiya, a kai shi lambu nesa da yara. Idan kuwa an yi sara, kada a ɗaure wurin ko a tsaga shi, a garzaya asibiti nan take.