Kwamfutar da za ta bi ka har gida

Wannan lacca ce da aka yi wa ɗalibai Hausawa a Madina, aka rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa ɗalibai, musamman sababbin zuwa, na san da yawanku kuna tara ɗan abin da ya saura daga mukafa'a, wato alawus ɗin ɗalibai, don ku sayi kwamfuta. To, kafin ku shiga kantunan Jarir ko Extra, ko ku buɗe manhajar saye da sayarwa ta Haraj a waya, ina so ku tuna tsawon zaman da ke gabanku. Wani zai yi shekara biyu a ma'ahadin lugga, wato sashen koyon Larabci, ya yi huɗu a kulliya, sannan ya ɗauki kwamfutar nan ya koma da ita Kano, ko Maraɗi, ko Kumasi, ya ci gaba da koyarwa da ita. Da wannan lissafin za ka je kasuwa.

Bari in ba da misali. A ce ga ta riyal 1,200, bayan shekara biyu ta fara nauyi har ka haƙura da ita. Kowace shekara ta ci maka 600 ke nan. Ga kuma ta 2,400 da ta yi maka shekara shida: 400. Wacce ce mai tsadar? Hausawa dai sun ce araha ba ta ado. Kuma idan kuna kwatanta farashi, ku tabbata an haɗa da haraji, domin tun Yulin 2020 harajin saye a ƙasar nan kashi 15 ne cikin ɗari.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗannan masu kyan jiki, sirara, masu Celeron (processor mai rauni, shi processor kuwa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta) da RAM (wurin riƙe aikin da ake kai) giga 4 da ma'ajiyar eMMC (ma'ajiya mai jinkiri) giga 64. Yawancinsu an liƙe kayan a jikin babban allon da ke cikin kwamfutar, ba a ƙarawa, ba a canzawa. Windows kaɗai za ta cinye kaso mai yawa na wurin. Ina za ka zuba Maktaba Shamila, manhajar littattafan addini? Ina darussan malamai da ka naɗa, ina littattafan PDF? Ranar da ka buɗe Word kana rubuta bahasi, wato bincikenka, ga Shamila a gefe, ga intanet, a ranar za ka gane. Ni shawarata, kada ku sauka ƙasa da RAM giga 8, kuma ku tambaya ko ana iya ƙarawa. Ma'ajiya ta zama SSD, wato mai sauri, ko da giga 256 ce.

Sai masu cewa za su sayi ta hannu. Wallahi ba laifi ba ne, sau da yawa ma ita ce dabara. Kwamfutoci irin su ThinkPad, Latitude, EliteBook, don ma'aikatu aka ƙera su, suna da juriya, kuma batirinsu da cajarsu da allon rubutunsu ba sa wuyar samu a kasuwanninmu na gida. Amma a kula da abu ɗaya. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wato na'urar tsaro da ke cikin kwamfutar, sannan a ɓangaren processor ɗin kamfanin Intel sai daga ƙarni na 8 zuwa sama. Don haka idan mai sayarwa ya ce maka “Core i7 ce”, kada sunan ya ruɗe ka. Ka ce masa ta wane ƙarni ce? i7 ta ƙarni na 6 ta riga ta tsufa, i5 ta ƙarni na 10 ta fi ta amfani a gare ka.

Sabuwa kuwa, dokar ƙasar nan ta ba ka garantin shekara biyu a kan kayan lantarki, saboda haka ka adana fatura, wato rasit, ka ɗauki hotonta. Ka kuma tambaya ko garantin yana aiki a wajen Saudiyya, tunda ba kowane kamfani ke bin ka da shi har gida ba.

A can gida kuma kun san halin wuta. Idan ta hannu ce, ka sa a cire caja a gabanka, ka zauna ka ga yadda batirin ke sauka kafin ka miƙa kuɗi. Ka danna kowane harafi, ka tabbata akwai na Larabci a kai. Yanzu sai a kawo tambayoyi.