Mutuwar aladu da murar tsuntsaye: ina haɗarin yake?

Wannan lacca ce da wani likitan dabbobi ya gabatar wa 'yan kasuwar kaji da masu kiwo a Garwa, arewacin Kamaru. An naɗe ta a waya, daga baya aka rubuta.

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamai, alhazai na kasuwar kaji, da iyaye mata masu kiwo a gida, sannunku da zuwa.

Na san abin da wasu ke faɗi a zuci: ba ma kiwon alade, ba ma cinsa, ina ruwanmu da mutuwarsa? Ruwanmu shi ne kasuwarmu ɗaya da masu kiwonsa, motarmu ɗaya, kwatarmu ɗaya. Daga Kaele zuwa Yagwa, har Bongor a ƙetaren kogin Logon, maƙwabtanmu da yawa suna da aladu, galibi a sake. Zabon da dillali ya sayo a kasuwar ƙauye, wataƙila jiya a tsakar gida ɗaya ya yi kiwo da su. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ka san sauran.

In aka ce aladu suna zubewa a wani ƙauye ba a san dalili ba, a yankinmu abin da ake fara zargi shi ne zazzaɓin aladu na Afirka. Ya shigo Kamaru a 1982, ya iso nan arewa a 2010, a shekarar kuma ya ƙetara Cadi. Zafin jikin alade mai lafiya bai cika wuce digiri 39.5 ba. Mai wannan ciwo yakan kai 41 ko 42, ya daina ci, kunnuwa da fatar ciki su yi jawur, cikin mako ɗaya zuwa biyu ya mutu, wani lokaci garken duka. In likita ya buɗe gawar zai tarar da saifa ta kumbura ta yi baƙi. Ba shi da magani. Ƙwayar tana rayuwa watanni a cikin nama, tana bin takalmi da tayar babur da ragowar abinci. Amma ku riƙe wannan da kyau: ba ya kama mutum, ba ya kama kaza, ba shi da dangantaka da mura. Asarar dukiya ce mai tsanani ga masu kiwo, iyakarta ke nan.

To me ya sa ba za mu ce duk mutuwar alade shi ne, mu kwanta ba? Saboda an taɓa yin zato a wasu ƙasashe, zaton ya ci rayuka. A 1998 aladu suka fara tari a Malesiya, masu kula da su suna kamuwa da ciwon ƙwaƙwalwa. Hukuma ta ɗauka cuta ce da sauro ke yaɗawa, aka yi watanni ana feshi. Ashe sabuwar ƙwaya ce, wadda aka sa wa suna Nipah, daga jemage ta faɗa wa alade, daga alade ta faɗa wa mutum. Mutum 265 suka kamu, 105 suka rasu, aka kashe aladu sama da miliyan ɗaya kafin abin ya lafa. A 2005 kuma, a lardin Sichuan na ƙasar Sin, aladu suka yi ta mutuwa, manoma suna bin su. Jita-jita ta cika duniya cewa murar tsuntsaye ce ta samu hanya. Gwaji ya nuna wata ƙwayar bakteriya ce da ake kira Streptococcus suis, wadda ke shiga ta rauni ko yankan wuƙa a hannun mai fiɗar mataccen alade, ta jawo sanƙarau ko gubar jini. Sama da mutum 200 suka kamu, kusan 40 suka rasu, alhali allurar fenisilin tana maganinta in an zo da wuri. A duka biyun, abin da idon mutane ya gaya musu ba shi ba ne.

Yanzu ga inda alade ya shigo maganar mura. Ƙwayar mura tana ɗauke da tsarin halittarta a yanki takwas. Ta tsuntsu tana da irin wurin da take maƙalewa a jiki, ta mutum tana da nata, shi ya sa ta tsuntsu ba ta cika kama hancinmu da maƙogwaronmu ba. Shi alade hanyar numfashinsa tana karɓar duka biyun. In suka haɗu a cikinsa lokaci guda, kamar tela ne da ya yanka riguna biyu a tebur ɗaya, aka cuɗa ƙyallayen: sai ya ɗinka riga mai hannun wannan da wuyan waccan. Abin tsoron shi ne a samu ƙwaya mai kisan ta tsuntsu da saurin yaɗuwar ta mutum. Murar 2009 da ta tashi daga Meziko ta irin wannan cuɗanya ta fito, da yankunan ta alade da ta tsuntsu da ta mutum, Allah Ya taimaka ba ta zo da kisa mai yawa ba. Masu bincike ma sun samu wannan murar ta 2009 a jikin aladu a nan arewacin Kamaru, kuma mutane ne suka shafa musu. Wato ƙofar a buɗe take ta gefe biyu.

Ga abin da mutane ba su lura da shi ba. Mura ba ta cika kashe alade ba. Garke ya yi tari da atishawa da majina, ya kwanta kwana biyar zuwa bakwai, ya miƙe. Saboda haka aladen da ya kamata a sa wa ido a maganar mura ba wanda ya mutu aka yi ta surutu ba ne, wanda ke tari a gidan da kaji suka mutu ne, ba wanda ya kula shi. Masar ta kashe kusan duka aladunta a 2009, murar kuwa ta ci gaba da yawo tsakanin mutane, domin tuni ta daina bukatar alade.

Mu dawo kan namu. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta fara kisan mutane a Hong Kong a 1997, mutum 18 suka kamu, 6 suka rasu. A Afirka an fara tabbatar da ita a wata gonar kaji a jihar Kaduna a Fabrairun 2006, a Maris aka same ta a agwagi a Marwa. Legas ta yi rashin mace ɗaya a Janairun 2007. A Mayun 2016 ta kashe kaji wajen 15,000 a Mvog-Betsi cikin Yawunde, ta sake ɓulla a yankin Yamma a 2022. A 2024 Amurka ta same ta a shanun madara, sannan a alade. Daga 2003 zuwa yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga sama da mutum 800 da suka kamu, kusan rabinsu sun rasu. Galibinsu ba ta alade suka samu ba, kuma ba daga mutum ba. Daga kaza suka samu, hannu da hannu.

A nan zan tsaya, don a nan namu laifin yake. Kaza ta takure, ta saki fukafukai, sai uwar gida ta ƙwala wa yaro kira: maza kai wa babanka ya yanka kafin ta zama mushe. Babu aikin da ya fi wannan haɗari a duk maganar da muke yi. Wanda ya riƙe, wanda ya yanka, yarinyar da ta fige gashin yana tashi tana shaƙa, wadda ta ciro hanji da ƙundu da hannu, duk sun taɓa wurin da ƙwayar ta fi yawa, wato jini da majina da kashi. Dafuwa tana kashe ta, in zafin ya kai digiri 70 har tsakiyar nama, babu sauran ja. Matsalar ita ce kafin tukunya ta tafasa an riga an gama shaƙa. Kuɗin kaza ɗaya bai kai wannan kasada ba.

Wani zai ce ai duk hunturu kaji suna mutuwa. Gaskiya ne, yawanci cutar Niyukasul ce, kuma ido ba ya iya raba ta da murar tsuntsaye. Amma akwai abin da zai sa ka tsargu: kajin da aka yi wa rigakafin Niyukasul suna mutuwa, suna zubewa cikin kwana ɗaya ko biyu wasu ba su ko nuna ciwo ba, kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi, jini ya kwanta a fatar ƙwauri, zabi da talotalo suna bi. Agwagwa kuwa tana iya ɗauke da ita tana yawonta lafiya. Daga Oktoba zuwa Maris tsuntsayen ruwa masu ƙaura suna sauka a Tafkin Cadi da fadamar Logon da Maga da Lagdo, agwagwar gida ta yi iyo tare da su, da yamma ta dawo akurki.

In haka ta faru, rufe sauran kajin nan take, kada ko ɗaya ta je kasuwa. Sayar da su da araha kafin labari ya fita shi ne ke ɗaukar ciwon gida ɗaya ya raba wa gari. Sanar da jauro ko lawan da ofishin likitan dabbobi mafi kusa a ranar. Kada ka ɗora gawa a babur ka ce za ka kai da kanka. Ma'aikaci ne zai ɗebi samfuri ya sa a sanyi ya tura LANAVET, ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na ƙasa da ke Bokle kusa da Garwa, kuma gawar da ta wuni a rana ta fara ruɓa ba ta ba da amsa mai kyau. Na ɓangaren Cadi suna da ɗakin gwajin Farcha a Njamena. Ɗauki gawa da safar hannu ko leda biyu, hanci da baki a rufe. Rami ya kai mita biyu, nesa da rijiya, don kare ko alade kada ya tono. Jefa mushen kaza a bola ko kwata shi ne hanya mafi sauƙi da za ta kai bakin alade.

Wajen wanke keji da akurki ana yawan kuskure. Ruwan jabel, wato bilic, ba ya aiki a kan kashin kaji, sai an kankare an wanke da sabulu tukuna. In kwalbar ta ce kashi 5 cikin ɗari, awo ɗaya a awo tara na ruwa. In wajen 2.5 ce, ɗaya a huɗu. A bar shi minti 30, kuma a haɗa sabo kullum, don zafi da rana suna kashe ƙarfinsa. Akurkin ya zauna fanko kwana 21.

Duk wanda ya taɓa kajin ya sa wa kansa ido kwana goma. Zazzaɓi digiri 38, tari, jan ido ko numfashi sama-sama, a tafi asibiti, kuma a buɗe baki a ce kajinmu sun mutu na taɓa su. In ba ka faɗa ba, maganin zazzaɓin cizon sauro za a ba ka. Maganin mura, Tamiflu, ya fi aiki a kwana biyun farko.

Wani dattijo ya yi tambaya: in mun faɗa aka zo aka kashe mana sauran kajin, wa zai biya mu?

Baba, tambayarka ita ce gaskiyar magana, kuma ita ke sa mutane ɓoyewa. Inda diyya ta makara, rahoto ma makara yake yi, wannan kuwa nauyin hukuma ne. Abin da ke hannunku shi ne kada a kashe ko ɗaya sai an ƙirga a gabanku da gaban jauro, an rubuta yawan kaji da zabi da agwagi daban-daban, an sa hannu, an ba ku taku takardar. Ku shigar da ita ta ƙungiyarku, kada kowa ya bi tasa shi kaɗai.