Darasi: Yadda Ake Gano Gubar Bakteriya a Bayan Gidan Mai Gudawa

Assalamu alaikum masu sauraro, musamman ɗalibanmu masu koyon aikin ɗakin gwaje-gwaje a nan Kano. Yau guba za mu nema, domin ganin ƙwayar cuta a bayan gida bai isa a ce ita ce ta kwantar da mutum ba.

Mu fara da ƙwayar cutar Clostridioides difficile, mai kawo gudawa bayan an sha antibayotik. Mutane da dama suna ɗauke da ita a hanji lafiya lau, jarirai ma haka. Abin da ke cin hanjin gubobi biyu ne, A da B. Shi ya sa ba ma karɓar bayan gida mai tauri, sai mai ruwa. Za ka fara da gwajin GDH, wani sinadari da ƙwayar ke fitarwa, ka ga ko ƙwayar tana nan. In tana nan, sai ka bi da wani gwajin da ake kira ELISA don neman gubar kanta. Gwajin PCR kuwa ƙwayar gadon da ke sarrafa gubar yake ganowa, wato yana nuna bakteriyar za ta iya yin guba, bai nuna tana kan yi ba.

To, a nan nake so ku natsu. Gubar nan ba ta jure zafi. In aka bar samfur a kan tebur, cikin awa 2 tana iya lalacewa, balle a zafin watan Afrilu. Sai ka rubuta babu, alhali mara lafiya yana can yana wahala. Don Allah ku sa shi a firji, digiri 2 zuwa 8. In an ɗauke wuta, a nemi akwatin sanyi da ƙanƙara.

Sai gubar da ake kira Shiga, ta ƙwayar cutar E. coli, mai jawo gudawar jini, har ta taɓa ƙodar yara. A farantin sorbitol MacConkey, wanda ake shuka samfur a kai don ƙwayoyin cuta su tsiro, nau'in E. coli da ake kira O157 yana tsirowa ba launi, sauran kuma ja-ja. Amma farantin nan ba ya kama kowane nau'i. Wanda ya ɓarke a Jamus a 2011, ya kashe mutum sama da 50, O104:H4 ne. Don haka a gwada gubar kai tsaye.

Ƙwayar kwalara kuma a nata farantin shukar, TCBS, rawaya take fitowa, sannan a tantance ko nau'in O1 ce ko O139, PCR ya tabbatar da ƙwayar gadon gubar. Sai dai mai amai da gudawa ba ya jiran sakamakonmu: a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, samfur ya biyo baya.