Amsoshin Tambayoyinku: Teburin Tagulla da Madubi na Faransa

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wasiƙu sun taru yau, lokaci kuma ƙalilan ne.

Wani ɗan'uwa daga Damagaram yana tambaya, wai Maison Jansen da dillalan tsofaffin kaya ke yawan ambata, mutum ne ko gari? Kamfani ne, ɗan'uwa. Jean-Henri Jansen, mutumin Holan, ya kafa shi a Paris a 1880, aka rufe a 1989. Daga can Stéphane Boudin ya fito, wanda ya taya Jacqueline Kennedy, matar Shugaba Kennedy, ƙawata fadar shugaban Amurka.

Wata daga Agadas tana son sanin yadda ake gane tagullar gaske. Kawo maganaɗisu kusa. In ya manne, ƙarfe ne aka yi wa shafe.

Sai tambayar da mutane da dama suka aiko. Wata Hajiya mazauniyar Lyon ta ce ta sayi ƙaramin tebur a kasuwar gwanjo ta Saint-Ouen da ke gefen Paris, ƙafafunsa tagulla ne masu gaɓa-gaɓa kamar gora, samansa madubi. Madubin ya yi baƙin ɗigo-ɗigo, tagullar ta dushe, sai ta sa toka da lemun tsami ta fara dirza. Haba Hajiya! Ai ba tukunyar tuwo ba ce. Muna tare da wani mai gyaran irin waɗannan kaya a Paris. Malam, bismilla.

"To, Hajiya, sai an san asali tukuna. Da can madubi mai kyau daga birnin Venis na Italiya yake zuwa, da tsada ƙwarai. A 1665 Colbert, wazirin Sarki Louis na 14, ya kafa masana'antar madubi, ya jawo gwanaye daga Venis, ita ce ta zama kamfanin gilashi na Saint-Gobain. Ki je fadar Versailles, zaure guda madubi 357 ne a ciki, an gama shi a 1684. Lokacin kuza da zaiba ake shafa wa bayan gilashi, ma'aikata suna ta cutuwa. Sai a 1835 Bajamushe Justus von Liebig ya fito da hanyar shafa azurfa…"

Malam, a gafarce ni, Hajiya tana can riƙe da lemun tsaminta.

"Ta ajiye shi. Ɗigon nan ba datti ba ne, kuma a bayan gilashin yake. Danshi ne ya shiga ya ci shafen azurfar. Ko ta kwana tana gogewa ba zai fita ba. Masu saye ma shi suke dubawa, don yana nuna madubin asali ne."

Kun ji ko? Bari in maimaita. A baya yake, ba a gaba ba, gogewa ba ta kai masa. Kada a fesa ruwa ko maganin goge gilashi a kan madubin, zai gangara gefe ya shiga ƙarƙashi ya ƙara ɓarna. A ɗan jiƙa tsumma mai laushi, a share, a busar nan take. Tagullar kuma, galibi an shafa mata man sheƙi ko ruwan zinare siriri, toka tana kankare shi, in ya tafi ya tafi. Tsumma busasshe ya isa.

Ni a ganina, Hajiya, ki bar madubin nan da ɗigonsa, kada ki canza shi. Ƙafar da kika riga kika dirza, ki kai wa mai gyara ya daidaita launinta da sauran ukun.

Saura minti ɗaya. Mai tambaya daga Yamai, ko a ɗora butar shayi mai zafi a kai? A'a, gilashin zai iya tsagewa, sa faifai a ƙarƙashi. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.